Daga Zariya Zuwa Harar: Jagorar Ziyarar Birnin Gahawa Da Zikiri A Tsaunukan Habasha

Harar birni ne mai ganuwa a gabashin ƙasar Habasha, yana zaune a kan tudu mai tsayin mita 1,885 daga doron teku, wato kusan ninki uku na tsayin da Zariya take kai. Abu biyu ne suka kai sunansa nesa: gahawar da ake nomawa a tsaunukan da ke kewaye da shi, da kuma waƙoƙin gargajiya da zikirin da mutanensa suka gada kaka da kakanni. Duka biyun ba a same su a tsaye ko a gurguje. Ba a ajiye mawaƙan Harar a wani dandali suna jiran baƙi ba, ita kuma gahawa ta gaskiya a cikin gida ake dafa ta, a gaban wanda za a ba. Saboda haka duk shirin tafiyar ya rataya ne a kan zaɓen lokaci da samun mai masauki, sauran abubuwa kuwa hidima ce ta takardu da kuɗi.

Mataki na farko: zaɓen lokaci

Idan waƙa ce ta kai ka, babu lokacin da ya kai makon da ke biye da ƙaramar sallah. Mutanen Harar suna riƙe azumin sitta shawwal da muhimmanci, kuma idan sun kammala shi sukan yi bikin kwana uku da suke kira Shuwalid, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun duniya a shekarar 2023. Ana taruwa ne a hubbaren Aw Shulum Ahmad da na Aw Akebara da ke bakin ƙofofin birnin, a fara da addu'o'i da waƙoƙin yabo, sannan a shiga karatu da kiɗa da rawa. Mutumin Zariya yana iya tsayawa ya ga hawan sallah har a watse, sannan ya kama hanya ya riski bikin, muddin ya sayi tikiti kuma ya kama masauki tun cikin watan azumi, domin 'yan asalin birnin da ke zaune a ƙasashen waje sukan dawo gida a wannan makon.

Wanda wannan lokaci bai yi masa ba, sai ya duba watan Maulidi ko ranar Ashura. Idan kuma duk ba su samu ba, to ya tsara tafiyarsa ta yadda daren Juma'a zai same shi a cikin birni, domin a wannan dare ne aka saba zaman zikiri a wasu hubbarori. Ta fuskar yanayi, daga Oktoba zuwa Fabrairu ne ruwa yake ɗaukewa, kuma a cikin waɗannan watanni ake tsinkar gahawa ana shanya ta. Rana tana da daɗi, amma dare akwai sanyi irin na farkon hunturu, don haka a saka rigar sanyi a jaka ko da an bar Zariya cikin zafin bazara.

Mataki na biyu: takardu da kuɗi

Fasfo ya kasance yana da aƙalla wata shida kafin wa'adinsa ya cika. Biza kuma a neme ta ta intanet tun kafin a bar gida, a shafin hukumar shige da fice ta Habasha, domin tun cikin shekarar 2022 ƙasar ta dakatar da bai wa 'yan Nijeriya biza a filin jirgi. A kula sosai da adireshin shafin, saboda akwai shafukan 'yan kamasho masu kama da na gwamnati waɗanda suke ninka kuɗi. Idan bizar ta fito a buga ta a takarda, kada a dogara da hoton da ke cikin waya. Sai katin rigakafin shawara, wanda ofishin kula da lafiyar matafiya yake bayarwa, akwai shi a filin jirgin Kano da na Abuja. Wanda bai taɓa yin allurar ba sai ya yi ta aƙalla kwana 10 kafin tafiya, domin sai bayan wannan wa'adi ake karɓar katin.

Kuɗin ƙasar sunansa bir. A tafi da dalar Amurka sababbi marasa yagewa ko rubutu, a canza a banki ko a ofishin canji mai rajista, a kuma adana rasit. Canjin bayan fage laifi ne a can, kuma tun da gwamnati ta saki farashin bir a watan Yulin 2024 ribar da ke cikinsa ba ta kai haɗarinsa ba. Cikin tsohon birni kusan komai da tsabar kuɗi ake biya, saboda haka a nemi ƙananan takardu. Soket ɗinsu mai rami biyu ne zagayayyu, ba irin namu mai baki uku ba, sai a sayi mahaɗin caja tun a kasuwar Sabon Gari. Layin waya na Ethio Telecom ko Safaricom ana samunsa da fasfo da zarar an sauka.

Mataki na uku: hanya

Daga Kwangila a shiga motar Kano, tafiyar da ba ta wuce awa biyu zuwa uku. Kamfanin Ethiopian Airlines yana tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Adis Ababa, haka ma daga Abuja, kuma ana yin kimanin awa biyar a sama. Akwai hikima a bin wannan kamfani: wanda ya shigo ƙasar da jirginsu yana samun rangwame mai yawa a tikitin cikin gida. Harar ba ta da jirgin fasinja na kanta, a Dire Dawa ake sauka, tafiyar kusan awa guda daga Adis Ababa. Akwai motar safa da ke cinye kilomita 500 da ɗoriya a yini guda, akwai kuma jirgin ƙasan da ke zuwa Jibuti wanda yake tsayawa a Dire Dawa, amma ga baƙon da bai san ƙasa ba jirgin sama ya fi kwanciyar hankali, ganin an sha samun matsalar tsaro a wasu sassan jihar Oromiya da hanyar take ratsawa.

Wani abu da yake sa baƙi rasa jirgi ko mota shi ne agogo. Habasha tana gaban Nijeriya da awa biyu, wannan mai sauƙi ne. Abin da ke rikitarwa shi ne mutanen ƙasar daga fitowar rana suke fara ƙidayar awa, ta yadda ƙarfe bakwai na safe a wurinsu ƙarfe ɗaya ne, ƙarfe goma sha biyu na rana kuma ƙarfe shida. Duk wanda ya ba ka lokaci, direba ne ko mai masauki, ka tambaye shi da wane agogo yake magana. Kalandarsu ma daban take, wata 13 ne a shekara, kuma tana bayan ta Miladiyya da shekara bakwai zuwa takwas, don haka kada ka ɗauka an ba ka tsohon rasit idan ka ga shekarar da ke jiki.

Idan an samu kwana ɗaya a Adis Ababa, kada a kashe shi a ɗakin otal. Birnin yana kan tsayin mita 2,355, kuma wanda ya taso daga ƙasa mai kwari zai ji numfashinsa yana gajarta idan ya hau bene, sai ya riƙa tafiya a hankali yana yawan shan ruwa. Da dare a nemi gidan azmari, wato mawaƙan gargajiya na Amhara masu goga masinƙo, abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya ɗan'uwan kukuma, tare da garayar da suke kira kirar da gangar kabaro. Azmari nan take yake ƙirƙirar baiti, ya wasa wannan, ya yi wa wancan habaici, jama'a suna jefa masa layi yana maimaitawa, ana kuma yi masa liƙi a goshi. Ko ba ka jin Amharanci za ka gane inda zambo ya faɗa daga yadda ɗaki yake fashewa da dariya. Sai dai a sani cewa abin shan da aka fi zagayawa da shi a irin waɗannan gidaje, mai launin ruwan ɗorawa cikin kwalba mai dogon wuya, giyar zuma ce da ake kira tej. A nemi shayi ko gahawa.

Daga Dire Dawa zuwa Harar kilomita 50 ne da 'yan kai, amma hawa ne mai lanƙwasa, motar haya takan ɗauki fiye da awa guda. Za a wuce Haramaya, inda akwai jami'ar da ta faro a matsayin kwalejin aikin gona a shekarun 1950, sannan Awaday, babbar kasuwar ganyen cat da mutanen yankin suke taunawa. A yi wannan tafiya da rana.

Mataki na huɗu: masauki da ɗan rakiya

A nan ne mutane da yawa suke yin zaɓen da ke rage musu daɗin tafiya, su kama otal a sabon gari don neman ruwan zafi da talabijin. Shawarata ita ce a kwana a cikin ganuwa, a ɗaya daga cikin gidajen gargajiya da iyalai suka mayar masaukin baƙi. Babban ɗakin irin wannan gida yana da dakali biyar masu hawa daban-daban, an shimfiɗe su da darduma da matasai, kuma kowanne da wanda ya dace ya zauna a kai: na maigida, na malamai da dattawa, na baƙi, na matasa. Kada ka zaɓar wa kanka wuri, ka cire takalmi ka jira a nuna maka. Bangon ɗakin an lulluɓe shi da jeren faya-fayai da kwanduna masu launi da kwanukan tangaran da tasoshi, ƙasansa kuma jan fenti ne, wanda mutanen gari suke cewa tunawa ce da jinin waɗanda suka faɗi a yaƙin Calanƙo na shekarar 1887, lokacin da Menelik, wanda daga baya ya zama sarkin Habasha, ya ci birnin ya kawo ƙarshen sarautar Sarki Abdullahi. Ruwan famfo yakan yi wuya, wani lokacin da bokiti za a yi wanka, wannan kuwa ba baƙon abu ba ne ga mutumin birnin Zazzau.

Ɗan rakiya wajibi ne a rana ta farko. Tsohon birnin, wanda ake kira Jugol, bai wuce murabba'in kilomita ɗaya ba, amma lungunansa sun haura 360, wasu ba sa ɗaukar mutum biyu a jere. Ka sa uwar gidan da ka sauka ta haɗa ka da mai rakiya mai takardar izini, ku yi ciniki kafin ku fita, kuma ka gaya masa tun farko cewa zikiri da gahawa ne suka kawo ka, domin in ba haka ba zai bi da kai zagayen da ya saba yi wa Turawa ya sallame ka kafin azahar. Ana jin harshen Harari da Oromanci da Amharanci da Somaliyanci a gari, dattawa da yawa kuma suna jin Larabci, don haka wanda ya yi karatun zaure yana da abin fara magana. Sallama ita ce gaisuwar kowa.

Mataki na biyar: zagayen birni

Ana danganta ginin ganuwar ga Sarki Nur bin Mujahid a tsakiyar ƙarni na 16, bayan rasuwar Imam Ahmad bin Ibrahim wanda ya jagoranci daular Adal daga wannan birni. Tsawonta ya kai kusan kilomita uku da rabi, da ƙofofi biyar na asali, sai ta shida da aka huda daga baya wadda motoci suke bi. A cikinta akwai masallatai 82 da hubbarori 102, abin da ya sa UNESCO ta sanya birnin cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2006. Za ka ji ana kiransa birni na huɗu mafi tsarki a Musulunci. Wannan kirari ne na masoya, ba hukuncin malamai ba, kuma baƙo mai hankali ba zai tsaya jayayya a kai ba. Haka nan kada a ɗauka nan ne sahabbai suka yi hijira wurin Najjashi, wancan wuri yana can arewa mai nisa a yankin Tigray.

Fara daga dandalin Faras Magala, ka gangara ta layin teloli da ake kira Makina Girgir saboda ƙarar kekunan ɗinki, ka faɗa kasuwar Gidir Magala inda ake sayar da naman raƙumi, shirwa tana shawagi a kan mahauta. Gidan da ake kira da sunan mawaƙin Faransa Arthur Rimbaud, wanda ya yi fataucin gahawa a birnin tsakanin 1880 da 1891, yana da tsofaffin hotuna masu kyau, duk da cewa wani attajiri ɗan Indiya ne ya gina shi. Amma wurin da ya kamata a ba lokaci shi ne gidan tarihi na Abdullahi Sharif, mutumin da ya shafe shekaru yana tattara littattafan hannu da tsabar kuɗin sarakunan Harar da faya-fayan tsofaffin waƙoƙi. Ka je can kafin daren zikiri, domin kunne ya fara sabawa.

Da magariba akan kai baƙi bayan ganuwa su ga masu ciyar da kuraye da nama a kan ɗan tsinke. Waɗannan kurayen daji ne, babu takunkumi babu sarƙa, ba irin na gardawa ba. Ranar Ashura ma akan dama musu fate da man shanu. A je sau ɗaya, a tsaya inda aka ce a tsaya.

Mataki na shida: zaman gahawa

Gahawar Harar ta bambanta da saura ne tun daga shanya. Ba a wanke 'ya'yan a ruwa, a cikin ɓawonsu ake baza su a rana har su bushe, sannan a sussuke, shi ya sa zaƙin ɓawon yake ratsa ƙwayar ya bar mata ƙamshi mai kama da na 'ya'yan itace. Ƙananan manoma ne suke noma ta a gangaren tsaunukan Hararge, wato yankin da ke kewaye da Harar, kuma da yawansu sun koma noman cat saboda ya fi kawo kuɗi da wuri, abin da ya sa ta ainihi take ƙara tsada. A da, ayarin raƙuma ne suke kai ta tashoshin Zaila da Barbara a bakin teku. Tarihi kuma ya nuna cewa sufayen Yaman na ƙarni na 15 suna shan gahawa ne don su raya dare da zikiri, don haka haɗuwar abubuwan nan biyu a birni ɗaya ba katari ba ne.

Ka roƙi mai masaukinka ta shirya maka zama na gida, ka kuma ware masa awa guda ko fiye. Za ta baza ɗanyar ciyawa a ƙasa, ta kunna lubban, ta wanke ɗanyen ƙwayoyin ta zuba a kasko a kan gawayi tana juyawa har su yi baƙi suna ƙyalli da mai. A nan za ta ɗauko kaskon ta zagaya da shi gaban kowa. Abin da ake so shi ne ka jawo hayaƙin da tafin hannu zuwa fuskarka, ka yaba. Sai ta daka a ƙaramin turmi, ta zuba garin cikin jabana, wata butar yumɓu baƙa mai dogon wuya, ta bar shi ya tafasa, ta sauke ta jingine ta domin gari ya kwanta. Daga sama take tsiyayawa cikin finjalai marasa mariƙi, ba tare da ta katse zubin ba, kuma babba ake fara miƙa wa. Akan haɗa da gugguru ko soyayyen sha'ir.

Zagaye uku ake yi a kan gari ɗaya, ana ƙara ruwa: na farko abol, mai ƙarfi, na biyu tona, na uku baraka. Tashi kafin na uku rashin ladabi ne, saboda haka kada ka sa wani alƙawari kusa. Wanda ya saba da kofin gwangwani na mai shayi zai ji na farkon ya yi masa nauyi, kuma mai hawan jini ko gyambon ciki ya faɗa tun farko a rage masa. Kada kuma ka bar garin ba ka ɗanɗani abin da 'yan gida suke sha kullum ba: ƙuti, wanda ake dafawa da ganyen bishiyar gahawa, da kuma wanda ake yi da ɓawonta a zuba madara. Sun fi sauƙi a ciki, kuma ba kasafai ake kawo wa baƙo su ba sai ya tambaya.

Mataki na bakwai: daren zikiri

Waƙar Harar iri biyu ce. Akwai waƙoƙin gari da ake kira gey faƙar, waɗanda aka fi ji a gidan biki, inda mata biyu sukan haɗa murya, ɗaya tana ja ɗaya tana ratsa ta, har muryoyin su sarƙe. Wannan sai an gayyace ka, kuma mai masauki ce kaɗai za ta iya buɗe maka wannan ƙofa idan ana biki a dangi ko a unguwa. Na biyu shi ne zikiri, wanda ake yi a hubbarori irin na Shehu Abadir, waliyyin da mutanen gari suke ɗauka uban birnin. Bayan isha'i ake zama, a fara da karatun Maulidi, sannan mai jan baiti ya ɗauka jama'a suna amsawa cikin Larabci da Harari da Oromanci, ana buga ganguna da ake kira karabu, ana kuma tafa wasu 'yan katakai biyu da ake kira kabal. A hankali ake farawa, kiɗan yana ƙara sauri har mutane su miƙe, kuma a manyan darare akan kai asuba. Wanda ya taɓa zama wurin bandirin Ƙadiriyya ba zai ji kansa baƙo ba.

Ka tuna ibada mutane suke yi. Ka sa tufafi masu mutunci, mace ta yafa mayafi ta zauna ɓangaren mata, a cire takalmi, a gaida mai kula da hubbaren a ba shi ɗan abin sadaka ko turaren wuta. Kada a ɗaga waya ana ɗaukar hoto ko murya sai an nemi izini. Za a miƙo maka ganyen cat, domin da shi da gahawa ake raya daren. Ka dafa ƙirji ka yi godiya, babu wanda zai tilasta maka. Wanda kuma fahimtarsa ta addini ba ta yarda da zama a hubbare ba, ya tsaya ga faya-fayan gidan tarihi da waƙoƙin biki, ya bar mutane da abinsu. Ka sa ɗan rakiyarka ya maido ka masauki, domin lungunan ba su da fitila sosai kuma kuraye suna shigowa gari cikin dare.

Abinci da tsaraba

A Harar nama ba abin damuwa ba ne, yawancin mahautan Musulmi ne. A Adis Ababa kuwa mahautan Kirista da na Musulmi daban suke, ana gane su da alamar gicciye ko jinjirin wata a ƙofar shago, kuma wanda ya yi shakka sai ya nemi injera, wata faffaɗar waina mai ɗan tsami, da miyar wake da ganye, wadda babu nama a cikinta. A sha ruwan roba. Dire Dawa tana kwari kuma akwai sauro, don haka idan jirgin safe ya sa dole a kwana can, a nemi ɗaki mai gidan sauro.

Gahawar tsaraba a saye ta soyayya amma ba niƙaƙƙiya ba, a wurin masu suya na cikin gari inda za a auna a gabanka a like leda, domin ƙwaya ta fi gari riƙe ƙamshi, kuma turmin yaji ba zai yi aikin daka ta ba sai an samo sabo. Hukumar kwastan ta ƙayyade yawan da matafiyi zai fita da shi, don haka a tambayi adadin a ofishin kamfanin jirgi kafin a saya, a riƙe rasit. Jabana da finjalai a naɗe su cikin tufafi a jakar hannu. Tsofaffin littattafan hannu da tsabar kuɗin da za a iya tallata maka a lungu haramun ne fita da su daga ƙasar. Ganyen cat kuwa, ɗanye ko busasshe, ko da wani ya roƙe ka ka riƙe masa a matsayin ganyen shayi, kada ya shiga kayanka, domin hukumar NDLEA tana kama shi a filayen jiragen Nijeriya, kuma wanda aka samu da jakar shi ne zai amsa tambaya.